Mai ba da shawara ya ce "haɗawa nake yi": ilimi ne ko gamin gambiza?

Maman Ummi:
Assalamu alaikum 'yan gida. Ina neman a haska min wani abu, musamman ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu. Ƙanwata ce, tun bayan rasuwar mahaifinmu waswasi ya sa ta gaba. Alwala ɗaya sai ta ƙarar da buta uku. Ta wanke hannu ta koma farko, ta kai ƙafa ta ce ba ta tabbata ta shafi kai ba. Wani lokaci har a idar da magariba a masallacin unguwa tana tsugune a bakin rariya. Ga rashin barci, ga kuka. Likita ya duba ta ya rubuta magani, ya kuma ce lallai a haɗa da zaman tattaunawa. Mun fara da wata mata, kirki kam ba a magana, amma sauraro kawai take yi: "to", "na ji ki", "yaya kika ji a ranki a lokacin?" Ƙanwata takan ce ta ji sanyi in ta fito, amma maganar buta tana nan yadda take. Yanzu an haɗa mu da wani. Da na tambaye shi wace hanya yake bi, sai ya ce shi ba ya tsayawa kan hanya ɗaya, haɗawa yake yi gwargwadon mutumin da ke gabansa. Wannan abu ne da aka sani a karatunsu, ko dai rufa-rufa ce ta wanda bai ƙware a komai ba? Kuɗin zama ba kaɗan ba ne.

Baban Sadiq:
Wa'alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Ni dai da na ji "haɗawa nake yi" sai na tuna mai kemis ɗin bakin tasha. Ka ce kanka ke ciwo, ya ɓallo ja ɗaya, fari biyu, ruwan ɗorawa ɗaya, ya ƙulle a leda ya ce ka sha duka. In ka warke bai san wanne ya yi aikin ba, in ka kwanta ma bai san wanne ya kwantar da kai ba. Gamin gambiza kenan.

Anti Nas:
Ka fara ko, Baban Sadiq. Maman Ummi, abin da mutumin ya faɗa sananne ne, akwai waɗanda shi suka karanta takanas har suka karɓi shaida a kai. Amma tsoron Baban Sadiq ba a banza yake ba, don magana ce mai daɗin fakewa. Bari ɗalibinmu ya zo ya baje kolin. Ina bakin aiki, in na tashi zan dawo kan butar nan, ita ta fi damuna.

Ɗalibin Samaru:
Anti kin jefa ni a ruwa. To bismillah. Yaya Maman Ummi, kafin a gane haɗin sai an san abin da ake haɗawa. Gidajen da aka fi ambata uku ne.

Na farko gidan Sigmund Freud, likitan birnin Viyana na ƙasar Ostiriya, wanda ya fara wannan aiki a shekarun 1890. A wurinsa abin da ke damun mutum yau saiwarsa tana binne can baya, galibi a yarinta, a inda shi kansa mai ciwon ba ya gani. Sai ka kwanta a doguwar kujera ka yi ta faɗin duk abin da ya zo bakinka, har mafarki, shi yana zaune ta bayanka yana tsintar bakin zaren. A tsarin asali ana zama sau huɗu ko biyar a mako, a shafe shekaru. Na baya sun sassauta, da yawansu zama ɗaya ne a mako fuska da fuska, amma tambayar tana nan: daga ina wannan ya taso, kuma me ya sa kake maimaita shi da kowa, har da ni da ke zaune a gabanka?

Na biyu gidan Carl Rogers, Ba'amurke. Matar da kuka fara zuwa wurinta, yadda kika kwatanta, 'yar gidan nan ce. Rogers ya ce masanin rayuwarka kai ne, ba mai ba ka shawara ba. A 1957 ya zayyana sharuɗɗan da yake ganin in sun cika mutum zai gyaru da kansa, uku daga ciki aka fi riƙewa: mai sauraronka ya ji abinka kamar a jikinsa, ya karɓe ka ba tare da ya yanke maka hukunci ba, kuma kada ya yi maka fuska biyu. Don haka "to, na ji ki" ɗin nan ba lalaci ba ne. Ki gwada sauraron mutum minti hamsin ba tare da kin yi masa wa'azi ko kin ba shi labarin naki ba, za ki sha mamaki.

Na uku shi ake kira CBT, wato jinya ta hanyar gyaran tunani da ɗabi'a. Aaron Beck, wanda ya rasu a 2021 yana da shekara 100, ɗan gidan Freud ne da farko. A Jami'ar Pennsylvania ya tashi tabbatar da cewa ciwon damuwa fushi ne da mutum ya juya wa kansa. Ya bi mafarkan marasa lafiyarsa yana neman fushin, sai ya tarar da asara da faɗuwa da raina kai. Daga nan, a shekarun 1960, ya koma bibiyar tunanin da ke faɗo wa mutum farat ɗaya, irin "ni ban iya komai ba", "kowa ya tsane ni". A rubuta shi a takarda, a nemi hujjarsa, a gwada shi a aikace. Aka gwama da aikin masu gyaran ɗabi'a irin su Joseph Wolpe na Afirka ta Kudu, da ke kusantar da mai tsoro ga abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan. A nan akwai jinga kamar makaranta, kuma ana ƙayyade yawan zama tun farko.

Baban Sadiq:
Ai ka ƙara min hujja, ƙanena. Wannan ya ce tono yarinta, wancan ya ce yi shiru ka saurara, na ukun ya ce ɗauko biro. Ba yadda za a yi duka su yi daidai. Wanda ya haɗa su, ya yarda da wanne?

Ɗalibin Samaru:
Yaya, su ma sun daɗe suna wannan faɗan, kowa na cewa nasa ne magani. Tun 1936 wani masani, Saul Rosenzweig, ya ce ku tsaya, tunda kowannenku yana samun waɗanda suka warke, wataƙila abin da kuka yi tarayya a kai ne ke aiki, ba abin da kuka saɓa ba. Bincike da aka yi ta yi daga baya ya nuna a matsaloli da yawa, kamar ciwon damuwa, tazarar da ke tsakanin hanyoyin ba ta kai yadda masu su ke kurari ba. Abin da ke ta fitowa shi ne alaƙa. Edward Bordin a 1979 ya kasa ta uku: kun yarda a kan inda za a je, kun yarda a kan aikin da za a yi, kuma akwai aminci tsakaninku.

Shi haɗin ma iri-iri ne. Arnold Lazarus ya ce ni ban damu da falsafarku ba, zan ari duk dabarar da aka tabbatar tana aiki. Paul Wachtel a 1977 ya zauna ya ɗinke tunanin gidan Freud da na masu gyaran ɗabi'a ya zama bayani ɗaya: raunin yarinta yana sa ka yi wa mutane wani hali, halin ya jawo su yi maka abin da kake tsoro, raunin ya sabunta, don haka sai a taɓa baya da yau tare. A Ingila Anthony Ryle ya gina nasa haɗin mai zama kamar 16, har da wasiƙa da mai ba da shawara ke rubuta maka yana bayyana yadda ya fahimci matsalarka. Duk waɗannan sun san dalilin kowane abu da suka ɗauko. Mai kemis ɗinka bai sani ba.

Baban Sadiq:
To na ji. Amma Maman Ummi ba Wachtel ne a gabanta ba, wani bawan Allah ne a ofis mai labule. Ta yaya za ta bambance?

Anti Nas:
Na tashi. Baban Sadiq tambayarka ita ce tambayar, kuma a nan zan ɗan saɓa wa ɗalibinmu. Maganar cewa hanyoyin sun yi kusa da juna gaskiya ce a wasu wurare, amma waswasi irin wannan ba ya cikinsu. Yana da hanyarsa da aka sani tun shekarun 1960, wani Victor Meyer ya fara ta a Landan: a fuskanci abin da ke tayar da shakkar, a kuma hana maimaitawar.

Ga yadda take a zahiri. A cika buta ɗaya, a ajiye agogo. Ta yi alwala sau ɗaya, ta miƙe. Shakka za ta taso mata, ƙirjinta ya yi nauyi, tafin hannu ya yi gumi, ta ji kamar ƙafarta na janta ta koma. Ba za ta koma ba. Za a tambaye ta, daga sifili zuwa goma, nawa tashin hankalin ya kai? Ta ce tara. A zauna da ita. Bayan ɗan lokaci a sake tambaya, ta ce bakwai, can ta ce biyar. Abin da jikinta ke koya shi ne wutar tana lafawa da kanta ko ba a koma bakin rariya ba. Gobe a sake. Ba a fara da mafi wuya, tsani ake yi, kuma da yardarta ake hawa kowace matakala.

Sannan ku 'yan gida akwai naku. Maman Ummi, na tabbata tana tambayarki, "Yaya kin ga na shafi kai?" ke kuma don tausayi ki ce "wallahi na gani". Wannan amsar abincin ciwon ce. Ta kwantar mata da hankali na minti biyar, ta koya wa ƙwaƙwalwarta cewa ba ta iya tsayawa sai da shaida.

Don haka ki koma ki yi masa tambaya uku. Me ka fahimta game da abin da ke damunta? Da me za ka fara, don me? Yaushe za mu zauna mu duba ko ana ci gaba? In ya ce zai fara da sauraro don ta sake da shi, ya shiga aikin butar, makokin mahaifinku kuma ya ba shi nasa lokacin, to wannan haɗi ne na mai ilimi. In ya ce "za mu ga yadda hali ya yi", kuma bai taɓa jin hanyar da na kwatanta ba, ki nemi wani. Maganin likita kuma kada ta daina don an fara zama. In ta taɓa furta cewa ta gaji da rayuwa, ranar ba a jira zama, asibiti za a nufa.

Maman Ummi:
Innalillahi. Anti kamar kina gidanmu. Ni ce ma nake tsaya mata a kai ina ƙirga mata gaɓoɓi. Ashe ƙara mata nake yi.

Anti Nas:
Kowa haka yake yi, 'yar uwa, kada ki ɗora wa kanki. Amma kada ki janye yau da dare gaba ɗaya, a tsara shi tare da ita da mai duba ta.

Malam Na Zaure:
Assalamu alaikum. Na karanta duka. Abin da Malama Nas ta kwatanta, mu a zaure muna da shi, sai dai ba mu da agogo da ma'aunin sifili zuwa goma. A fiƙihun Malikiyya akwai wanda ake kira mustankihi, wanda shakka ta aure shi, tana zo masa kullum ko da sau ɗaya. Hukuncinsa daban ne da na kowa. A Risala ta Ibnu Abi Zaid an ce wanda shakka ta aura a sallah ya kau da kai daga gare ta, ba gyara a kansa, sai ya yi sujada bayan sallama. Hadisi ingantacce ya ce mai jin kamar alwalarsa ta karye kada ya fita daga sallah sai ya ji sauti ko wari. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu guda na ruwa yake alwala. Buta uku ba taƙawa ba ce, jarrabawa ce, kuma shari'a ta riga ta sauƙaƙa mata.

Amma ina da tsoro biyu. Freud ɗin nan ya rubuta ƙarara cewa addini ruɗu ne. Shi kuma Rogers da ya ce a karɓi mutum ba hukunci, ina aka bar nasiha? In yarinya ta zo ta ce za ta yi abin da bai dace ba, sai a ce "to, na ji ki"?

Ɗalibin Samaru:
Allah gafarta Malam, tsoron farko wani ya riga mu faɗinsa da ƙarfi. Farfesa Malik Badri, ɗan Sudan, ya fitar da littafi a 1979 yana sukar masana halayyar ɗan Adam Musulmi da ke kwaso Freud ɗungurungum ba tacewa. Amma bai ce a zubar da fannin ba, shi kansa da hanyoyin gyaran ɗabi'a da tunani ya yi ta jinyar mutane. Shi ne kuma ya fassara aikin Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 miladiyya, mai littafin Masalihul Abdan wal Anfus. Balkhi ya yi babi a kan tsoro, da baƙin ciki, da waswasi, ya raba baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke saukowa ba dalili, har ya ce mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin da yake lafiya don ranar da hankali zai tashi. Shekara dubu kafin Beck.

Na biyun kuma, karɓar mutum daban, amincewa da aikinsa daban. Wanda ya san za a zage shi ba zai faɗi abin da ke ransa ba, wanda bai faɗa ba kuma ba a san inda za a yi masa nasiha ba.

Malam Na Zaure:
Wannan na yarda da rabinsa. Na ga waɗanda aka saurara har suka ji daɗin ɓatansu. Amma na kuma ga waɗanda muka yi wa wa'azi tun kafin su rufe baki, ba su sake dawowa zaure ba. A bar shi a nan.

Hajiya Iya:
Ni duk sunayen Turawan nan sun wuce ni. A zamaninmu in abu ya dami mace, ɗakin kakarta za ta shiga, ko gwaggo, a yi ta tsinkar zogale ana magana har ta amayar da abin da ke cikinta. Yanzu sai an biya kuɗi kafin a saurare ka?

Anti Nas:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, ai wani likita ya ji maganarki tun kafin ki faɗa. Dixon Chibanda a Zimbabuwe, da ya ga likitocin ƙwaƙwalwa ba za su taɓa isa ba, sai ya horar da tsofaffin mata, aka kafa musu benci a harabar ƙananan asibitocin Harare. Mai damuwa ya zo ya zauna da kaka, zama shida, ta saurare shi, su zaɓi matsala ɗaya, su lissafa mafita, ya je ya gwada ya dawo. An gwada tsarin a bincike, sakamakon ya fito a 2016, kuma ya yi aiki. A nan gida ma Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta a 1954, marasa lafiya suna zaune a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Bambancin kakar benci da gwaggo shi ne horo, da wanda ke duba aikinta, da riƙe sirri.

Hajiya Iya:
Sirrin nan kam kin taɓo wuri. Gwaggona, Allah ya jiƙanta, kafin la'asar duk dangi sun ji.

'Yar Manchester:
Hajiya kin sa ni dariya ni kaɗai a bas. Abu ɗaya zan ƙara daga nan Ingila. Tun 2008 gwamnati ta buɗe shirin jinya ta tattaunawa kyauta, mafi yawansa CBT ne, kuma kusan kowane zama sai ka cike 'yar takarda: a makon nan yaya barci, yaya cin abinci, yaya fargaba. Da farko na ɗauke shi ɓata lokaci. Amma ranar da na ce ban ga wani canji ba, matar ta juyo min da kwamfuta na ga lambobina suna sauka mako bayan mako, sai na yi shiru. Maman Ummi, ko mutumin bai kawo takarda ba, ku yi taku. Minti nawa alwala ta ɗauka yau, buta nawa. Mai haɗa hanyoyi ya fi kowa buƙatar ma'auni, don shi ne ya fi sauƙin ɓacewa a hanya bai sani ba.

Baban Sadiq:
Yanzu kuka zo inda nake so. A ba ni lamba. In bayan wata biyu buta uku ta koma ɗaya, na janye gamin gambiza. In ba ta koma ba, ko sunan wa ya kira, kuɗi kawai yake ci.

Ɗalibin Samaru:
Yaya, buta za ta ƙirgu. Kukan rashin uba fa, da me za ka auna shi? Kada a wayi gari alwala ta gyaru a ce an gama, alhali abin da ya kunno wutar ba a taɓa shi ba. Wurin nan ne matar farko take da amfani, kuma shi ya sa nake ganin haɗin ya dace da yarinyar nan in an iya shi.

Baban Sadiq:
Wannan kuma sai ka kammala digirin ka zo mu yi.

Malam Na Zaure:
Maman Ummi, in kina so zan rubuta hukuncin mustankihi a takarda da hujjojinsa, ki kai wa mai duba ta ya san shari'a tana bayansa. Ita ma in tana da tambaya ta turo ta hannunki.

Anti Nas:
Allah ya saka da alheri Malam, takardar za ta taimaka ƙwarai, don ba za ta yarda ta bar maimaitawa ba muddin tana ganin zunubi ne. Amma da sharaɗi. Masu wannan ciwon sukan mayar da malami abin da suka mayar da buta. Yau ta tambaya ka amsa, gobe ta dawo da tambayar an ɗan sauya mata riga, "to in na yi shakka a kan ko shakkar tawa ta kai ta mustankihi fa?" In ka ci gaba da amsawa ka zama Maman Ummi ta biyu.

Malam Na Zaure:
Ikon Allah. Akwai wani yaro da ya yi min haka a kan niyyar azumi, Ramadan guda yana bina har ƙofar gida, ni kuma ina ganin himma ce. To na ji. Sau ɗaya zan amsa, a rubuce. In ta sake tambaya zan ce ta duba takarda.

Anti Nas:
Takardar ma kada ta kwana a hannunta, Malam, sai ta karanta ta sau hamsin a dare. A bar ta wurin mai duba ta.